Kafin a ce an ba karen gadi guba, a dubi zuciyarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida taka mai farin jini, mu yi bayani a kan wata cutar karnuka da ake yi wa gurguwar fahimta, wadda har takan haddasa gaba tsakanin maƙwabta ba gaira ba dalili.

Manyan karnukan ƙetare sun yawaita a gidaje da gonaki da ma'aikatu a Kaduna da Kano da Jos da Abuja. Akwai Doberman, akwai Rottweiler, akwai Boerboel da Alsatian da Boxer da Great Dane, kuma da tsada ake sayensu don gadi. To, sai a wayi gari a tarar da kare ɗan shekara biyar ko shida a sandare a bakin ƙofa, alhali jiya ya cinye abincinsa tas, ya kwana yana haushi. Kalmar farko da ke fitowa daga bakin maigida ita ce guba. A tuhumi maigadi, a zargi yaran unguwa, a ce ɓarayi ne ke share fage. Wani lokaci hakan ne. Amma a irin waɗannan karnuka akwai ciwon tsokar zuciya da ke kisa daidai da wannan siffa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DCM, kuma yakan yi shekara biyu zuwa huɗu yana cin kare a ɓoye kafin kowa ya ga alama.

Zuciyar kare ɗaki huɗu ce kamar ta mutum. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai aikin ƙarfi, shi ke tura jini zuwa dukkan jiki. A kare mai lafiya, faɗin wannan ɗaki yakan tsuke da kamar kashi ɗaya cikin uku a kowace bugawa. A wannan ciwo tsokar takan saki, bangon ya yi siriri, ɗakin ya buɗe, tsukewar ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Kamar zugazugin maƙeri ne da fatarsa ta tsufa: hannu na aiki, iskar da ke isa ga wuta kaɗan ce. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda jiki ke neman gyara. Ƙoda ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka ruwa ne ya yi ƙaranci, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Jini ya ƙaru, zuciyar da dama ta gaza ta ƙara cika, ta ƙara buɗewa, marfin da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa ya daina rufewa ruf, jini ya riƙa komawa baya. Ƙarshenta ruwa ya taru a huhu, ko a ciki idan ɓangaren dama ya shiga.

Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce mai kisan farat ɗaya. Tsokar da ta lalace takan riƙa fitar da bugun da ba a kan ƙa'ida ba daga ɗakunan ƙasa. Ɗaya ko biyu ba sa yin komai. Idan suka jeru da sauri, zuciya ba ta samun lokacin cika, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, kare ya zube. Idan bugun ya dawo daidai cikin 'yan daƙiƙu, ya tashi ya girgije kamar ba abin da ya faru. Idan bai dawo ba, shi ke nan. A cikin Doberman masu wannan ciwo, kusan ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ta haka suke tafiya, kuma da yawansu mutuwar ce alamar farko.

Doberman ne ciwon ya fi kamawa, nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a Munich ta Jamus, aka wallafa a 2010, ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na wannan jinsi sukan kamu a tsawon rayuwarsu. Bayansa sai Great Dane da Irish Wolfhound da Newfoundland da Saint Bernard. Boxer yana da nasa nau'in, wanda ya fi taɓa ɓangaren dama, ya fi kuma zuwa da suma. Rottweiler da Alsatian da sauran manya sukan kamu, amma ba kamar waɗancan ba. Galibi tsakanin shekara 4 zuwa 10 yake bayyana, kuma mazan sukan riga matan nuna shi.

Ga abin da mai kare zai iya yi da hannunsa, ba tare da kashe ko sisi ba. Na farko, ƙidayar numfashi. A bari kare ya yi barci sosai, a wuri mai sanyi, can da dare ko da asuba. Kada a taɓa shi. A tsaya gefe a zuba wa haƙarƙarinsa ido: ɗagawa da sauka, numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Kare mai lafiya ba ya kai 30 a minti yana barci, yawanci tsakanin 15 da 25 yake. A yi haka kwana uku a jere, a rubuta a littafi, don a san nasa adadin. Ranar da aka ga ya haura 30 ya zauna a can, ko wanda aka sani da 18 ya koma 27 ba tare da dalili ba, ruwa ne mai yiwuwa ya fara shiga huhu. Ƙidayar rana tsaka a bazara ba ta da amfani, domin kare da haki yake fitar da zafi, kuma mai mafarki yana ta motsa ƙafa shi ma a jira ya lafa.

Na biyu, haɗa bugun ƙirji da na cinya. A tsayar da kare, a sa tafin hannu ɗaya a ƙirjinsa ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba. Yatsun ɗaya hannun a zura su ta cikin cinyar baya, can sama kusa da matsematsi, a danna a hankali har a ji jijiya tana harbawa. Kowace bugawa a ƙirji ya kamata ta zo da harbawa ɗaya a cinya. Babban kare da ke hutawa yakan yi 60 zuwa 100 a minti, kuma ba laifi ba ne bugun ya ɗan yi sauri idan ya ja numfashi, ya lafa idan ya fitar. Abin tsoro shi ne a ji ƙirji yana ta kiɗi barkatai, 160 ko 200, ba tsari, sannan cinya ta riƙa tsallake wasu. Wannan rikicewar ɗakunan sama ce, kuma ta yi yawa a Great Dane da makamantansa. A ɗaga leɓe kuma a dubi dadashi: a danna da yatsa, ya yi fari, jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu.

Sauran alamun kuwa, kowace tana da abin da ake ruɗa ta da shi, kuma nan ne ake asarar watanni. Tari mai laushi da dare, a ce ƙurar hunturu ce, a yi ta ɗura masa maganin ƙwayoyin cuta. Kare ya daina bin maigadi zagaye, ya riƙa neman inuwa, a ce tsufa ne ko lalaci. Ciki ya kumbura, a ce ya yi ƙiba ko tsutsa ce, alhali in an shafa gadon bayansa za a ji ƙashin ya fito, naman cinya ya zube. Ya ƙi kwanciya da gefe, ya kwana a zaune yana miƙa wuya, gwiwoyin gaba a buɗe. Wannan na ƙarshe ba abin jira gari ya waye ba ne.

Babu mai tabbatar da ciwon da ido ko da abin sauraron ƙirji kaɗai. Hoton zuciya na eko, wato sikanin irin wanda ake yi wa mai juna biyu, shi ne mai yanke hukunci, domin shi ke auna faɗin ɗakin da yadda yake tsukewa. A Doberman, idan faɗin ɗakin hagu ya wuce milimita 48 a namiji ko 46 a mace lokacin da ya cika, ko ya wuce 36 lokacin da ya matse, an shiga ciwo. Hoton ƙirji na eksire yana nuna ruwa a huhu, amma a Doberman yakan yaudari mai dubawa, saboda zurfin ƙirjinsa yakan sa zuciyar ta yi kamar ba ta girma ba. Don kama bugun banza kuwa, wato wancan bugun da ba a kan ƙa'ida ba, akwai na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya da ake ɗaura wa kare a cikin riga ta yini da kwana. Ƙasa da bugun banza 50 a awa 24 ba matsala; sama da 300 ciwo ne; tsakanin 50 da 300 sai a maimaita, idan ya sake fitowa haka cikin shekara guda an tabbatar. Inda babu Holter, a roƙi likita ya bar na'urar zana bugun zuciya ta yi minti biyar cur, ba daƙiƙa talatin da aka saba ba. Ko guda ɗaya aka gani a minti biyar ɗin nan, a Doberman abin a bi diddigi ne. Ƙwararrun likitocin zuciyar dabbobi na Turai sun ba da shawarar a fara wannan gwaji daga shekara 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, domin wanda ya fita lafiya bana yana iya kamuwa baɗi. Wanda ke nesa da asibitin da ke da kayan, ya nemi likitansa ya tura shi asibitin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri.

Me ya sa za a wahala da gwaji tun kare yana lafiya? Saboda akwai maganin da ke jinkirta ciwon idan an fara da wuri. A wani gwaji da aka wallafa a 2012 a kan Doberman 76 da eko ya nuna zuciyarsu ta fara buɗewa amma ba su nuna alama ba, waɗanda aka ba pimobendan sun kai matsakaicin kwana 718 kafin gazawar zuciya ko mutuwa, waɗanda ba a ba su ba kuwa kwana 441. Ratar wata tara ke nan.

Za mu faɗi awon magunguna don mai kare ya fahimci abin da likita ya rubuta masa, ya kuma gane idan an yi kuskure, ba don ya zama likitan kansa ba. Mu ɗauki kare mai kilo 40. Pimobendan, wanda aka fi sani da sunan Vetmedin, miligiram 0.25 ne a kowane kilo, safe da yamma, wato miligiram 10 sau biyu, kuma awa ɗaya kafin abinci, domin abinci na rage shigarsa jini. Shi ke ƙara wa tsokar ƙarfin matsewa, ya kuma buɗe hanyoyin jini. Idan ruwa ya shiga huhu sai furosemide, wanda kowa ya sani da Lasix: miligiram 2 a kilo sau biyu a rana a farko, wato ƙwaya biyu masu miligiram 40 safe da yamma, daga baya likita ya rage zuwa mafi ƙarancin da zai riƙe numfashin barci ƙasa da 30. Akan haɗa da enalapril, miligiram 0.5 a kilo, da spironolactone, miligiram 2 a kilo sau ɗaya a rana, su biyun don karya waccan ɗabi'a ta ƙoda ta riƙe gishiri. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, wajibi ne a ɗebi jini a auna aikin ƙoda da sinadarin fotashiyam. Magungunan daidaita bugu, irin su digoxin da diltiazem da sotalol, kada a kusance su sai da takardar gwajin bugun a hannu. Digoxin musamman, tsakanin awonsa na magani da na guba siriri ne ƙwarai. Karen da ke shansa ya ƙi abinci ko ya fara amai da zawo, a dakatar a kira likita.

Yanzu ga kurakuran da suka fi kashe waɗannan karnuka, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yinsu. Babbansu ƙarin ruwa. An saba duk dabbar da ta galabaita a maƙala mata leda. Ga karen da huhunsa ya riga ya jiƙe, leda ɗaya ta ruwan gishiri tana iya nutsar da shi a kan teburi. Duk wanda zai sa wa babban kare mai haki ruwa, a tambaye shi ko ya saurari ƙirjin tukuna. Sai allurar barci ta xylazine, wadda ake yawan amfani da ita wajen ɗinki ko fiɗiya ko wanke haƙori: tana rage bugun zuciya, tana ƙara mata nauyi, kuma kare mai ɓoyayyen ciwo yana iya kwantawa bai tashi ba. Doberman ko Boxer ko Great Dane da ya wuce shekara huɗu, a duba zuciyarsa kafin kowace irin allurar barci. Sai magungunan ciwon jiki na mutane, diclofenac da ibuprofen. Dama can guba ne ga kare, balle a haɗa su da Lasix da enalapril. Ƙoda ce za ta tsaya. Sai hana ruwan sha, wai don fitsari ya yi yawa ko don ciki ya kumbura. Karen da ke shan Lasix ruwa ya zauna a gabansa dare da rana, balle a watan Afrilu. Na ƙarshe, dakatar da magani ranar da kare ya warware. Warwarewar ta maganin ce, zuciyar tana nan yadda take, kuma cikin 'yan kwanaki ruwan zai dawo.

Batun abinci yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa, don nan ne ake samun nau'in ciwon da ke iya warkewa. Tsokar zuciya tana buƙatar wani sinadari mai suna taurine. Jikin kare yana haɗa nasa daga furotin ɗin nama, amma manyan karnuka sun fi ƙanana jinkirin haɗa shi. A tsirrai kusan babu shi. Yana cikin zuciyar dabba da cinyar kaza da kifi. Karen da ya kai kilo 40 ana ciyar da shi da tuwon masara da dusa da ragowar shinkafa, ana jefa masa ƙashi biyu don ƙanshi, yana cikin haɗari, kuma yawan dusa yana ƙara zubar da sinadarin ta bayan gida. Dafuwa ma tana fitar da shi cikin ruwa, saboda haka idan an tafasa nama a ba shi har da romon, matuƙar ba gishiri a ciki. Abincin buhu mai tsada ma bai tsira daga zargi ba. A Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar cewa tana binciken alaƙar wannan ciwo da abincin karnuka marar hatsi, wanda aka cika da dangin wake da dankali. Zuwa ƙarshen Afrilun 2019 an kai mata rahoton karnuka 560, kuma 119 daga ciki sun mutu. Hukumar ba ta yanke hukuncin cewa abincin ne sanadi ba, amma likitocin zuciya sun ga karnuka da dama da zuciyarsu ta farfaɗo bayan an sauya musu abinci. Ra'ayinmu shi ne, idan an juya buhu aka ga dangin wake a sahun farko na kayan haɗin, a ajiye shi. Duk karen da aka samu da ciwon, ba laifi a ƙara masa taurine miligiram 1,000 safe da yamma idan ya haura kilo 25; ba shi da tsada, ba shi da illa, kuma a sake eko bayan wata uku zuwa shida a ga ko an samu canji.

Wanda zuciyarsa ta riga ta gaza kuwa, a raba shi da ragowar abincin gida. Miyarmu cike take da gishiri da magi, waken da aka dafa da kanwa shi ma haka, domin kanwa dangin gishiri ce a wajen ƙoda. Kilishi da burodi da taliyar leda duk a cire. Amma kada a rage masa nama, don ramewar tsoka na cikin abin da ke kayar da shi. Masu gonar kaji kuma su kiyaye: abincin kaji da aka sa wa maganin cutar hanjin kaji irin su monensin ko salinomycin yana lalata tsokar zuciyar kare, haka ma dusar angurya. Akwai kuma cututtuka biyu da ke taɓa tsokar: sammore da ƙudan tsando ke ɗauka, wanda a kare yakan zo da zazzaɓi da kumburin fuska da farin ido, da kuma cutar zawon jini ta 'yan kwikwiyo, idan ta kama su a makonnin farko daga uwar da ba a yi wa rigakafi ba.

Ga masu kiwo don sayarwa, nan ne gizo ke saƙar. Ana haɗa kare barbara tun yana shekara biyu, ciwon kuma sai ya kai biyar ko bakwai yake fitowa, lokacin 'ya'yansa da jikokinsa sun bazu gari-gari. A Doberman gadonsa ake yi, kuma daga uba ko uwa ɗaya ma ya isa. An gano gurɓatattun ƙwayoyin gado biyu a Doberman na Amurka, ana kuma gwada su, sai dai fita lafiya a wannan gwaji bai wanke kare ba. Mai saye ya tambayi abin da ya fi takardar asali muhimmanci: iyayen da kakannin suna raye? In sun mutu, suna shekara nawa, kuma ta yaya? Gidan da aka ce uban ya faɗi haka kawai yana ɗan shekara shida, a nemi wani gidan.

In kuma an riga an tarar da gawar, a duba kafin a buɗe baki. Gubar fiya-fiya da danginta tana barin shaida: dalala jage-jage, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙasa a tone inda ya yi ta shure-shure. Maganin ɓera mai tsinka jini sai ya yi kwana uku zuwa biyar, kuma akan ga dadashi fari fat da jini ta hanci ko bayan gida. Murɗewar tumbi, wadda ita ma ta manyan karnuka ce, tana barin ciki a kumbure kamar ganga bayan yunƙurin amai da ba ya fitowa. Wanda aka ɗaure a rana ba ruwa, zafi ne. Wanda halinsa ya sauya kwana biyu kafin ya mutu, yana cizon komai ko muƙamuƙinsa ya saki, kada a taɓa bakinsa da hannu; a kira likita a aika kan karen zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato don gwajin ciwon haukan kare. Na zuciya kuwa galibi a kwance ake samunsa tsaf, wurin ba hargitsi, wani lokaci da 'yar kumfa mai ruwan hoda a hanci. A sa gawar a inuwa, a lulluɓe da ƙanƙara ba tare da an daskarar da ita ba, a kai wa likita ya buɗe cikin 'yan awoyi, domin a zafinmu gawar da ta yini ba ta da sauran abin da za ta nuna. Idan ya tarar da zuciya ta yi girma, ta yi laɓo-laɓo, bangonta siriri, to a sanar da wanda aka saya a wurinsa, a kuma kai 'yan uwan karen da 'ya'yansa gwaji.

Wassalam.

Daga wasu likitocin dabbobi,
Kaduna.